YADDA A KE AUNA ZAFIN JIKIN KARE MARAS LAFIYA

Mutum in ba shi da lafiya ya kan buɗe baki ya ce kansa ke ciwo, ko cikinsa ke murɗa. Kare kuwa ba shi da bakin faɗi. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ƙi cin abinci, ya nemi gindin rumbu ya kwanta. Mai shi ya zo ya dube shi, ya taɓa hancinsa, ya ce, "Ai da sauƙi, gobe ya tashi." Wata rana ya kan tashi ɗin. Wata rana kuwa sai dai a ja gawarsa a kai bayan gari.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure. Ina da wani kare ja, wanda ya shekara shida yana tsaron gidana, ko akuya ɗaya ba a taɓa sace mini ba. Wata damina ya kwanta. Kowace safiya kafin in tafi wurin aiki na kan taɓa hancinsa, in ji shi da sanyi da laima, sai hankalina ya kwanta. Ran kwana na huɗu na ga ya kasa tashi, na ɗauke shi na kai wa malamin dabbobi. Ya auna shi, ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashinsa, ya ce, "Malam, ina ka ke tun shekaranjiya? Zazzaɓin kaska ne, ga shi ya shanye masa jini." Aka yi masa allura, amma bai kwana ba. Da na san auna zafi, da tun ran farko na kai shi.

Mafarauci ya san darajar karensa, makiyayi ya san ta, mai gona a bakin daji ma ya san ta. Dabbar da ka ɗaure a gidanka tana da hakki a kanka, gama ba ta da wanda zai duba ta sai kai. Saboda haka aka rubuta wannan ɗan littafi, domin wanda ya koyi karanta lambobi ya san yadda zai yi aiki da karatunsa ran da karensa ya kwanta.

HANNU DA HANCI BA MA'AUNI BA NE

Kowace halitta mai jinin ɗumi tana da nata zafi wanda Allah ya daidaita mata. A kan ƙidaya zafi da abin da a ke kira digiri. Ruwa ya kan daskare ya zama ƙanƙara a digiri 0, ya kan tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne. Na kaza ya kai wajen 41. Na kare kuwa tsakanin 38 ne da 39 da ɗan ɗori.

To, ka ga kare mai lafiya ƙalau ya fi ka zafin jiki. Zafin da in ɗanka ne ya ke da shi za ka ce zazzaɓi ne, ga kare shi ne daidai. Don haka in ka sa hannu a cikinsa ko a kunnensa, kullum ɗumi za ka ji, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. Ga kuma gashi ya rufe fatarsa. Har wa yau hannunka ma ba ya zama a hali ɗaya. Da hunturu, sa'ad da ka fito daga alwala, kome ka taɓa sai ka ji shi da zafi. Da bazara, bayan ka dawo daga rana, abin nan guda sai ka ji shi da sanyi. Tsakanin lafiyar kare da zazzaɓinsa digiri ɗaya ne tak, hannu kuwa ba shi iya rarrabe digiri ɗaya.

Mutane da yawa su kan ce in hancin kare yana da sanyi da laima lafiyarsa lau, in ya bushe ba shi da lafiya. Wannan magana ba abin dogara ba ce. Hancin kare ya kan jiƙe domin yana lasarsa da harshe, da kuma ɗan ruwan da ke fitowa daga ciki. In ya yi barci bai lasa ba, sai ya bushe. In iskar hunturu ta buge shi, ko ya kwanta kusa da murhu, sai ya bushe, alhali kuwa babu abin da ya same shi. Wani kuma yana fama da zazzaɓi mai tsanani, hancinsa sharkaf. Haka nawa ya yi.

MA'AUNIN ZAFI

Abin da a ke auna zafin jiki da shi sunansa ma'aunin zafi. Shi ne wanda malamin asibiti ya kan sa maka a hammata ko a ƙarƙashin harshe. Ana sayar da shi a kantin magani, kuɗinsa kuwa bai kai na buhun dawa ba balle na kare. Iri biyu za ka samu.

Na fari shi ne na gilashi, siriri kamar tsinken tsire, da zaiba a cikinsa. Zaiba wani ƙarfe ne mai gudana kamar ruwa, mai ƙyalli kamar azurfa. In ta ji zafi sai ta kumbura ta hau cikin ramin gilashin, inda ta tsaya kuwa nan za ka karanta lamba. Wani mutum mai suna Fahrenheit ya ƙera ma'auni irin na zaiba a shekara ta 1714, wani masani kuma na ƙasar Suwidin mai suna Celsius ya tsara ƙidaya mai digiri ɗari a 1742. Shi ya sa za ka ga harafin F a jikin wani ma'auni, harafin C a jikin wani. Lambobin da ke cikin wannan littafi duka na C ne. In naka na F ne, ga yadda su ke haɗuwa: 38 na C daidai ya ke da 100.4 na F, 39.5 daidai da 103.1, 40 daidai da 104.

Na biyu shi ne na roba mai batir. Yana da ɗan maɓalli da za ka danna, da ɗan allo inda lamba ke fitowa a rubuce, in ya gama aunawa kuma sai ya yi ƙara. Wannan ya fi dacewa da kare, gama ba shi fashewa, ba shi kuma daɗewa. In ka sami mai laushin baki wanda ke lanƙwasawa, shi ya fi duka.

Akwai wani iri mai kama da ƙaramar bindiga, wanda aka riƙa nuna wa mutane a goshi a ƙofar asibiti da banki lokacin annobar korona a 2020. Kada ka dogara da shi wajen kare, gama zafin gashi zai gaya maka, ba na cikin jiki ba.

Sai ka lura da ɗigon nan da ke tsakanin lambobi. An raba kowane digiri kashi goma, lambar da ke bayan ɗigo ita ce ke nuna kashi nawa aka ɗora. In ka ga 38.5, watau talatin da takwas da rabi ke nan. In ka ga 39.2, watau talatin da tara da kashi biyu cikin goma. Kada ka raina abin da ke bayan ɗigo, domin 39.1 lafiya ce, 39.9 kuwa zazzaɓi ne.

Ma'aunin da ka sa wa kare ya zama na kare har abada. Ka ɗaura masa jan zare, ko ka rubuta KARE a jikin gidansa, ka ajiye shi dabam da na iyalinka.

KAREN DA BA A AUNAWA

Kafin mu faɗi yadda a ke aunawa, tilas mu faɗi karen da ba za ka kusanta ba ko kaɗan, watau wanda a ke zaton haukan kare ya kama shi.

Wannan ciwo yana cikin miyau, yana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi inda fata ta yage. Daga nan ya bi jijiya ya hau ƙwaƙwalwa. Ya kan yi wata biyu ko uku bai nuna kansa ba, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci fiye. Amma in ya riga ya bayyana, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi, mutum ko dabba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuwa daga kare su ka samo shi.

Ga alamunsa. Halin kare ya sāke, mai sanyin hali ya zama mafaɗaci, ko mai gudun mutane ya riƙa manne musu. Ya riƙa cizon itace da duwatsu da igiyar da aka ɗaure shi da ita. Muryarsa ta canja. Miyau ya riƙa dalala. Akwai kuma wani iri wanda kare ba ya faɗa, sai muƙamuƙinsa ya saki, bakinsa a buɗe, ya kasa haɗiya, ƙafafunsa na baya su shanye. Wannan ya fi yaudara, gama mai shi ya kan ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu a bakinsa don ya ciro. Kada ka yi haka.

In ka ga waɗannan alamu, ka rufe shi a inda ba zai fita ba, ka kore yara, ka aika wa malamin dabbobi. Ma'aunin zafi ba shi nuna haukan kare, saboda haka ba ribar da za ka samu wurin aunawa sai hatsari.

In kuwa ya ciji wani, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti ran nan domin a fara masa allurar rigakafi. Kada a jira a ga abin da zai faru. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum wannan allura a shekara ta 1885. Yaro ne ɗan shekara tara wanda mahaukacin kare ya ciza, ya kuwa rayu. Karnuka ma suna da tasu allurar. A Vom, kusa da Jos, akwai gidan binciken cututtukan dabbobi wanda aka kafa a 1924, a nan a ke yin alluran rigakafin dabbobi iri iri, har da ta haukan kare. A kan yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, sa'an nan a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya faɗa. Karen da aka yi wa ita, ka iya kama shi ka auna hankalinka kwance.

YADDA A KE AUNAWA

Zafin gaskiya na cikin jiki ne, inda a ke samunsa kuwa ga kare shi ne dubura. Ba a sa masa ma'auni a baka, gama zai tauna shi. Na hammata kuma ba shi faɗin gaskiya sosai saboda gashi.

Ka tanadi ma'auni, da man basilin kaɗan, da auduga ko tsumma mai tsabta, da sabulu, da ruwa, da takarda da alkalami. In ba basilin, man gyaɗa ko man kaɗanya ya isa. In kana da safar hannu ta roba irin ta asibiti, ka sa. Ka nemi mutum guda wanda karen ya saba da shi ya taimake ka, gama aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Babba za ka nema, kada ka sa yaro.

1. Ka bar karen ya huta a inuwa kamar rabin sa'a. Wanda ya dawo daga farauta, ko ya gama haushi da guje-guje, jikinsa ya kan ɗauki zafi ko da lafiyarsa ƙalau.

2. Ka yi masa takunkumi. Kare mai ciwo ya kan ciji ko ubangidansa, ba don mugunta ba, don tsoro. Ka sami ƙyalle mai laushi, tsawonsa kamar kamu biyu, ka zagaya bakinsa da shi, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ka kai bakin ƙyallen bayan kunnuwa ka ɗaure. Amma in yana amai, ko yana haki ƙwarai, ko numfashi na yi masa wuya, kada ka ɗaure masa baki, gama ya iya shaƙewa.

3. Mataimakinka ya durƙusa a gefensa, ya rungume wuyansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya sa a ƙarƙashin cikinsa don kada ya zauna. Ya riƙa kiran sunansa a hankali. In karen ba shi iya tsayuwa, a kwantar da shi a gefe ɗaya.

4. In na gilashi ne ma'auninka, ka riƙe shi ta sama ka kaɗa shi da ƙarfi har zaiba ta sauka ƙasa da 35. In ba ka kaɗa ba, lambar awon da ya wuce za ka karanta. In mai batir ne, ka danna maɓalli. Sa'an nan ka shafa mai a bakinsa.

5. Ka ɗaga wutsiya a hankali, ka sa bakin ma'aunin cikin dubura kana ɗan murzawa. Ga ƙaramin kare inci ɗaya ya isa, watau kamar gaɓar yatsa guda. Ga babba a iya kai inci biyu. In ka ji ya tokare kada ka tura da ƙarfi, ka dakata kaɗan har ya saki jiki. Ka ɗan karkata ma'aunin ya jingina da bangon hanji, domin in ya nutse cikin kashi lambar za ta fito ƙasa da gaskiya.

6. Ka riƙe shi, kada ka saki ko da ƙiftawar ido. Na gilashi ya yi minti biyu zuwa uku. Mai batir kuwa sai ya yi ƙara, galibi ba shi wuce minti ɗaya.

7. Ka zare shi a hankali, ka goge da auduga, ka karanta, ka rubuta nan take tun ba ka manta ba. Ka dubi audugar kuma, ko da jini, ko majina, ko tsutsa a jikinta.

8. Ka kwance takunkumi, ka shafa kansa. Ka wanke ma'aunin da sabulu da ruwan sanyi, gama ruwan zafi ya kan fasa na gilashi. Sa'an nan ka wanke hannuwanka da sabulu sosai.

In kare ya ƙi, yana ta fizge-fizge, ka ƙyale shi. Gara a kai shi wurin masu aikin da a ji masa ciwo ko ya ji maka. In na gilashi ya karye a cikinsa, kada ka sa yatsa ka tono, ka kai shi asibitin dabbobi nan da nan. In kuma a ƙasa ya fashe, ka sani zaiba guba ce. Kada ka taɓa ta da hannu, kada ka share da tsintsiya. Ka tattara ta da takarda mai kauri, ka zuba a kwalba mai murfi, ka buɗe ƙofa da taga, ka hana yara wurin.

ABIN DA LAMBA KE NUFI

Daga 38 zuwa 39.2, zafinsa daidai ne. Amma in duk da haka ya ƙi abinci har kwana biyu, ko yana amai, ko zawo, ka kai shi, gama ba kowane ciwo ke zuwa da zazzaɓi ba.

Daga 39.3 zuwa 39.5, ya ɗan hau. Ka bar shi a inuwa da ruwan sha, ka sāke aunawa bayan sa'a ɗaya.

In ya wuce 39.5, zazzaɓi ne. In ya kai 40, ka kai shi wurin malamin dabbobi ran nan, kada ya kwana.

In ya kai 41, ransa na cikin hatsari. Zafi irin wannan ya kan lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta. Ka bar abin da ka ke yi ka tafi da shi.

In kuma ya sauka ƙasa da 37.2, kada ka yi murna ka ce zazzaɓi ya tafi. Kare maras lafiya wanda jikinsa ya yi sanyi haka, ƙarfinsa ne ke ƙarewa. A kan ga wannan ga wanda ya zubar da jini da yawa, ko kwikwiyon da zawo ya tsotse. Ka rufe shi da tsohon bargo ka gaggauta kai shi.

Wuri biyu ne sanyin jiki ba abin tsoro ba ne. Kwikwiyo sabon haihuwa ba shi da zafin babba, a makonsa na fari tsakanin 35 ne da 37, sai ya yi kamar mako huɗu ya ke kamo na uwarsa. Karya mai ciki kuma, wadda cikinta ya kan yi wajen kwana 63, in haihuwa ta matso zafinta ya kan sauka kamar digiri ɗaya. In ka ga haka, ka gyara mata wuri, gama galibi ba ta wuce kwana ɗaya.

Kowane kare yana da ɗan bambanci da ɗan'uwansa. Saboda haka yana da kyau ka auna naka sau biyu ko uku tun yana da lafiya, da safe da maraice, ka rubuta. Ran da ya kwanta ka san daga inda ya tashi. Shi ma ya saba da abin, ba zai ba ka wahala ba.

ABIN DA KE KAWO ZAFI

Zafin jiki ya kan hau ta hanya biyu, wajibi ne kuwa ka rarrabe su, gama abin da za ka yi ya bambanta.

Hanya ta fari ita ce zazzaɓi. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba shi gani, su kan shiga jiki, sai jiki ya ƙara wa kansa zafi domin ya yaƙe su. Watau zazzaɓi alama ce ta wani ciwo da ke ɓoye, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta. A ƙasarmu kaska ita ce kan gaba. Tana sa wa kare ƙwayoyin da ke farfasa jininsa, sai dasashinsa ya yi fari ko rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Karnukan farauta da ke shiga kurmi inda tsando ya ke su kan kamu da sammore, zazzaɓi ya zo ya tafi ya komo, idanu su yi hazo, kare ya rame. Akwai wani ciwo na 'yan kwikwiyo mai kawo amai da zawon jini mai wari, wanda ya bazu a duniya tun 1978, da wani mai sa kwantsa a ido da majina a hanci da tari. Waɗannan biyu suna da allurar rigakafi. Rauni ma in ya ruɓe ya tara mugunya ya kan kawo zazzaɓi, kamar saran gadu ko cizon wani kare. Haka kuma karya in mahaifarta ta ruɓe bayan haihuwa.

Duk waɗannan, maganinsu na wurin malamin dabbobi, kowanne kuwa da nasa. Abin da za ka yi kafin ka isa shi ne ka sa shi a inuwa, ka ajiye masa ruwa mai tsabta, ka shafa masa ruwa a kunnuwa da tafin ƙafa. Kada ka ɗura masa ruwa ko koko da ƙarfi, gama ya iya ƙwarewa ya shiga huhunsa.

Hanya ta biyu ita ce bugun rana. Mutum in ya ji zafi ya kan yi gumi jikinsa ya huce. Kare ba shi gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki ya ke fitar da zafi. In aka ɗaure shi a rana da bazara ba ruwa, ko aka rufe shi cikin mota, ko aka yi ta gudu da shi da tsakar rana, haki ba shi isarsa. Sai ka ga harshe ya zazzago, ya yi ja wur, yana tangaɗi, ya faɗi. A nan kada ka tsaya neman ma'auni tukuna. Ka kai shi inuwa, ka yi ta kwara masa ruwan randa a jiki duka, musamman ciki da hammata da cinyoyi, wani kuma ya riƙa yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, gama zai riƙe zafin. Sa'an nan ka riƙa aunawa kowane minti biyar. In ya sauko 39.5 ka daina zuba ruwa, don kada sanyin ya zarce. Ko ya miƙe ya yi kamar ya warke, ka kai shi a duba, domin ɓarnar da zafi ya yi a ciki ta kan bayyana daga baya.

Abu ɗaya kuma ina roƙonka. Kada ka ba kare maganin zazzaɓi na mutane da ka saya a kanti. Irin wanda a ke kira ibuprofen ya kan huda cikin kare ya kashe ƙodarsa. Farasitamol in ya yi yawa ya kan lalata hantarsa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Ko da maganin ya saukar da zafin, ciwon yana nan, sai dai ka ɓoye wa malamin dabbobi alamar da zai bi.

KA RUBUTA

Malamin dabbobi sau ɗaya zai ga karenka, kai kuwa kana tare da shi dare da rana. In ka je ka ce masa, "Jikinsa da zafi," ba ka gaya masa kome ba. Amma in ka miƙa masa takarda, ka rage masa rabin aiki. Ga misalin yadda za ka rubuta:

Litinin, ƙarfe 7 na safe, 39.8. Ya ƙi tuwo, ya sha ruwa.
Litinin, ƙarfe 12 na rana, 40.2. Fitsari ya yi duhu, dasashi fari. Na cire kaska shida a kunne.

Mai wannan takarda ba zai jira Talata ba, zai tafi ran nan. Ka rubuta kuma inda karen ya je cikin makon, da abin da ya ci, da ko wani kare ya cije shi, da ranar da aka yi masa rigakafi. Bayan an ba shi magani ka ci gaba da aunawa safe da maraice. In zafi ya sauka ya zauna, magani ya kama. In ya kwana biyu bai sauka ba, ko ya sauka ya sāke hawa, ka koma da takardarka.

Ka tambayi inda ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya ke tun yau, kada ka bari sai ran da ka ke ɗauke da kare a hannu. A Zariya da Sakkwato da Maiduguri jami'o'i suna da manyan asibitocin dabbobi, inda a ke duba jini a ga irin ƙwayar da ta shiga.

Ma'aunin zafi ba shi warkar da kowa. Aikinsa ya gaya maka ko yau za ka tafi ko ka iya jira gobe, wannan kuwa shi ne abin da ban sani ba ran da jan karena ya kwanta. In ka karanta wannan littafi ka gane, ka karanta wa maƙwabcinka mai kare wanda bai koyi karatu ba tukuna, ka nuna masa lambobin da yatsa, 38 da 39.5 da 40, har ya riƙe su.